Jadawalin ajiyar takardun kamfani: rukunai masu faɗi ko ƙanana?

Tambaya: Ni ce ke kula da sashen mulki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Muna da ma'aikata wajen 120 da ƙaramin reshe a Maraɗi. Sitonmu ya cika da kwalayen takardu, an ce in tsara jadawalin da zai nuna tsawon lokacin da za a ajiye kowace takarda kafin a lalata ta. Na samo wani samfuri mai layi kusan 300, kowace irin takarda da nata layin. Akantanmu kuma ya ce ɓata lokaci ne, a kasa komai gida biyar kawai. Wanne zan bi?

Malama, in dole sai na ɗauki ɓangare, akantanku ya fi kusa da daidai. Jadawali mai layi 300 ba zai yi rai ba a kamfani mai ma'aikata 120. Za a buga shi, manajan darakta ya sa hannu, a jefa shi durowa, shi ke nan. Amma gida biyar ma ya yi kaɗan, kuma ɓarnarsa ta fi muni, domin shi zai sa a ƙona takardar da ake kan bukata. A ganina kamfani irin naku zai zauna lafiya da rukuni 15 zuwa 25. Yadda za ki kai ga wannan adadi shi ne abin da ya kamata mu tsaya a kai.

Ɗauki rasit ɗin masauki guda ɗaya da direbanku ya kawo bayan ya kai kaya Gusau. In kin duba samfurin nan da kyau, da wuya ki rasa layin kuɗin tafiye-tafiye, da na ƙananan kashe-kashen ofis, da na mayar wa ma'aikaci kuɗin da ya kashe daga aljihunsa, da na takardun shaidar haraji. Rasit ɗin ya dace da duk huɗun. Akawun da ke riƙe da shi da ƙarfe huɗu da rabi na yamma ba zai zauna nazari ba, inda hannunsa ya fara kaiwa nan zai cusa shi. Gobe abokin aikinsa ya sa irinsa a wani wurin daban. Abin takaicin kuma, in kin bi layukan huɗu zuwa ƙarshe, duk wa'adi ɗaya za ki tarar, shekara shida ko bakwai. An sa mutum wahalar zaɓi a inda zaɓin ba ya canja komai.

Dogayen jadawalai gadon zamanin rajista ne, lokacin da kowace ma'aikata ke da akawun fayil wanda ba shi da wani aiki sai wannan, ya san kowane fom da lambarsa. Yanzu kowa akawun kansa ne: imel ɗinsa, foldar kwamfutarsa, da WhatsApp inda ake turo hoton shaidar biya. Masu wannan sana'a sun daɗe da lura da haka. Ma'aunin duniya na kula da bayanai, ISO 15489, wanda ya fito a 2001 bisa wani ma'aunin Ostareliya na 1996, ya karkata ga kasa takardu gwargwadon aikin da ya haifar da su, wato saye, sayarwa, ɗaukar ma'aikata da sauransu, maimakon sunan fom ko sunan sashe. Hikimar ita ce sashe yakan canja suna, fom yakan canja fasali, amma aikin biyan albashi yana nan. A Amurka, hukumar adana tarihin ƙasar ta ba ma'aikatun gwamnati izini a 2005 su riƙa haɗa takardu a abin da suke kira manyan bokitai, wato rukunai masu faɗi. A 2013 ta ƙara gaba game da imel, ta fito da tsarin Capstone: a daina duba saƙo ɗaya bayan ɗaya, a dubi muƙamin mai akwatin. Na manyan jami'ai a ajiye har abada, na sauran a share bayan wasu shekaru. Gwamnati mai ma'aikata miliyoyi ce ta ga ba za ta iya tsinta ɗai-ɗai ba, balle ofishin da mutum biyu ke kula da fayil.

Rukuni mai faɗi yana da ƙa'ida guda da ba a tsallakewa: duk abin da ya shiga cikinsa, wa'adin wanda ya fi kowa daɗewa zai ɗauka. Mu gwada da takardun kuɗi. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta wajabta ajiye bayanan lissafi shekara shida daga ranar da aka yi su. Dokar ƙwadago ta ce bayanan albashi da sharuɗɗan aiki a riƙe su shekara uku bayan lokacin da suka shafa. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ɗora wa bankuna da wasu sana'o'i, irin su dillalan motoci da masu harkar gidaje, aƙalla shekara biyar. A ɓangaren haraji kuwa, ƙa'idar da aka daɗe a kai ita ce hukuma na iya komawa baya shekara shida bayan ƙarewar shekarar da aka yanka harajin, kuma ribar bara ake yanka wa haraji bana. Lissafin 2019 ke nan a 2020 aka yanka masa haraji, ƙofa kuma a buɗe take har ƙarshen 2026. Daga nan shekara bakwai ɗin da akantoci ke yawan faɗa ta samo asali. To ga uku, ga biyar, ga shida, ga bakwai. Babu dalilin yin layi huɗu. Bauca, rasit, takardar neman biya, takardar rakiyar kaya, bayanin asusu daga banki, jerin albashi, duk su shiga rukuni ɗaya: shekara bakwai daga ƙarshen shekarar kuɗi. Jerin albashin da dokar ƙwadago ta ce uku ai dama takardar lissafi ce, kuma shaidar harajin ma'aikata ce, ba wanda zai ƙona shi a shekara ta huɗu. Wannan rukuni kaɗai na iya cinye mafi yawan kwalayen da ke sitonku.

Inda shawarar akantanku za ta karye shi ne ranar da ake fara ƙirga. Mutane kan zuba ido ga yawan shekaru, su manta da tambayar da ta fi ta nauyi: shekara bakwai daga yaushe? A ce kun kama hayar wani sito a Dawanau a 2018, yarjejeniyar shekara goma. Ga mai kallo daga nesa takardar kuɗi ce, akwai adadi a ciki, akwai sa hannu, sashen kuɗi ne ma ke riƙe da ita. In ta faɗa rukunin nan na shekara bakwai daga ƙarshen shekarar kuɗi, wa'adinta ya cika a ƙarshen 2025, a Janairun 2026 an ƙona ta, alhali kuna cikin siton har 2028. Ran da mai gida ya rasu, magada suka zo da wata magana, me za ku nuna? Yarjejeniya ba ta fara tsufa sai ran da ta ƙare. Don haka dole ta sami nata rukunin: ƙarewar yarjejeniya, sannan a ƙara shekarun da doka ta ba mutum ya kai ƙara a kan kwangila, wanda shekara biyar ne ko shida gwargwadon jiha. Ni shida nake sawa in huta.

Haka takardar sayen babbar mota ko janareta. Takardar neman biya ce kamar ta kwalin sabulu, amma motar da aka saya a 2017 tana iya kai wa 2027 kafin a sayar da ita, kuma ranar sayarwar ce odita da jami'in haraji za su tambayi nawa aka saye ta da rangwamen harajin da aka riga aka ci a kanta. Ƙirgenta daga ranar rabuwa da kadarar yake farawa. Fayil ɗin ma'aikaci daga ranar barin aiki. Lasisi da izinin hukuma daga ranar da suka daina aiki. Tsarin aiki na cikin gida daga ranar da aka maye gurbinsa da sabo. Takardu biyu na iya zama duk shekara shida, amma in ɗaya daga ranar rubuta ta ake ƙirga, ɗayar kuma daga ranar da wani abu ya faru, ba sa zama rukuni ɗaya ko da sashe ɗaya ne ya haife su. In kika bi samfurinki da wannan tambaya kaɗai, za ki ga layukan sun tattaru da kansu.

Sai dai a yi hattara da irin waɗannan rukunai masu jiran aukuwar wani abu, domin sai an sami wanda zai kawo labarin aukuwar. In sashen ma'aikata bai sanar da ke cewa wane ya bar aiki ba, fayil ɗinsa zai shekara ashirin a kanta yana jiran ranar da ta riga ta wuce. Kada ki yawaita su, kuma kowanne ki rubuta muƙamin wanda alhakin sanarwa ke wuyansa.

Dalili na biyu na tsaga rukuni shi ne bayanan mutane. Da, in an ajiye takarda fiye da kima, asarar wuri ce kawai. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a 2023, abin ya wuce nan, domin dokar ta ce kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da bukatar da ta sa aka karɓe su ta tanada. A nan ƙa'idar ɗaukar wa'adi mafi tsawo takan juyo ta ciji mai ita. Kun yi tallar gurbin direba ɗaya, mutum 200 suka kawo takardu, kowa da hotonsa, lambar NIN, lambar waya, adireshin gida, wani har da takardar asibiti. Ɗaya aka ɗauka. In takardun sauran 199 suka shiga babban rukunin ma'aikata mai cewa shekara shida bayan barin aiki, yaushe za su bar aikin da ba su taɓa shiga ba? Har abada ke nan. Su sami rukuninsu mai gajeren wa'adi. Wata shida zuwa shekara ɗaya nake ba da shawara. Hotunan kyamarar tsaro da littafin baƙi na bakin ƙofa su ma haka, kwanaki ko 'yan watanni, in ba wani abu ya faru da ake bincike a kai ba. Wake ba ya jure zaman rumbu kamar gero, shi ya sa ba a zuba su wuri ɗaya.

Shi kansa fayil ɗin ma'aikaci ina raba shi biyu. Takardun hutu, gargaɗi, neman rance, fom ɗin mai tsaya masa, waɗannan su tafi shekara shida bayan ya bar aiki. Amma a ciro ɗan siririn bayani a ajiye shi da daɗewa: ranar kama aiki, muƙamai, ranar tafiya, da shaidar kuɗin fansho da aka tura masa. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, kuma yaron da ya bar ku yana ɗan shekara 28 sai bayan shekaru masu yawa zai zauna duba asusunsa ya ce akwai watannin da ba a zuba ba. In kuna da masu feshin maganin ƙwari a sito, bayanan lafiyarsu ma su shiga nan. Cutar irin wannan aiki takan daɗe ba ta bayyana ba, abin da ya sa dokar Amurka ta ce a riƙe bayanan cuɗanya da sinadarai masu illa shekara 30, ta Birtaniya kuma ta ce bayanan duba lafiyar irin waɗannan ma'aikata shekara 40.

Rukunin dindindin ba shi da wahala, kuma bai kamata ya wuce kabad ɗaya mai jure wuta ba: takardar rajistar kamfani daga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da kundin ƙa'idojinsa, rajistar masu hannun jari, bayanan zaman daraktoci, takardun mallakar fili, da lissafin shekara da odita ya sa wa hannu. Abin lura kawai, kowane shugaban sashe zai rantse miki nasa takardun na dindindin ne. Ki tambaye shi wace doka ce ta faɗa, ko wace rana ce ya taɓa buɗe na shekara goma da suka wuce.

Reshenku na Maraɗi kuwa yana ƙarƙashin wata doka daban. Nijar na cikin ƙasashen OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci na bai ɗaya, tare da Kamaru da Chadi da sauransu, kuma dokar lissafi ta OHADA ta ce littattafan lissafi da takardun shaidarsu a ajiye su shekara goma. Hanya biyu gare ki. Ko ki ɗaga rukunin kuɗi gaba ɗaya zuwa goma, ko ki bar rukunin ɗaya da suna ɗaya, ki ƙara gurbin da zai nuna wa'adin kowace ƙasa: Najeriya bakwai, Nijar goma. Na fi son ta biyu, tunda kusan duk kwalayen na Kano ne, kuma ƙarin shekara uku a kan rukunin da ya fi kowanne girma ba ƙaramin wuri zai ci ba. Takardun kayan da suka tsallaka iyaka tsakanin ofisoshin biyu su bi goma. Abin da ba zan yi ba shi ne tsara wa Maraɗi jadawali nata daban, domin shekara biyu ta isa jadawalan biyu su daina kama da juna.

Akwai wani ruɗani da ke sa ma'aikata ƙin rukunai masu faɗi, gara ki kawar da shi tun a zaman farko. Suna zaton in an ce rukunin kuɗi ɗaya ne, to a folda ɗaya za a zuba komai, su kasa samun abin da suke nema. Tsarin jera fayil daban, jadawalin wa'adi daban. Mai kula da saye ya ci gaba da buɗe wa kowane ɗan kasuwa foldarsa, ya raba wata-wata in ya ga dama. Jadawalin abin da kawai yake cewa shi ne duk waɗannan foldoji rana ɗaya wa'adinsu ke cika. A nan samfurinki mai layi 300 zai yi amfani, kada ki yar da shi. Ki mayar da shi jerin dubawa: kowane layi ki rubuta a gefensa rukunin da ya faɗa, ki soke waɗanda kamfaninku ba ya da su. Wannan teburi ki riƙe shi a wurinki da wurin lauya. Hukumar Amurkan nan ma takan nemi irinsa daga ma'aikatar da ke son komawa manyan rukunai, don a tabbatar ba abin da ya zube a hanya. Abin da za a raba wa ma'aikata kuwa kada ya wuce shafi biyu: sunan rukuni, misalai biyar ko shida da sunayen da ake kiransu a ofishinku, ranar fara ƙirga, da wa'adi.

Ga gwajin da nake so ki yi kafin a sa hannu. Ɗebo takardu talatin daga tebura daban-daban, ki ba mutum uku da ba su taya ki rubuta jadawalin ba, kowa ya faɗi rukunin kowace takarda shi kaɗai. Inda suka saɓa, ki duba. In rukunan da suka ruɗe a kai ranar ƙirga ɗaya ce da wa'adi ɗaya, haɗe su. In sun bambanta, misalan ne ba su fito sosai ba, gyara su.

Komai faɗin rukuni ko ƙanƙantarsa, layi ɗaya na sama da su duka: da zarar an ji ƙamshin shari'a, ko binciken haraji, ko takardar wata hukuma, lalata duk abin da ya shafi batun ya tsaya cak har sai lauya ya sake shi a rubuce. Wa'adin haraji ma da na ambata ba ya kare wanda ake zargi da zamba ko ƙin biya da gangan. Kamfanin odita na Arthur Andersen yana da tsarin ajiyar takardu a rubuce lokacin da ma'aikatansa suka duƙufa yayyanka takardun Enron, kamfanin makamashin Amurka da suke duba wa lissafi, a 2001 ana dab da bincike. An same shi da laifi a 2002, Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin a 2005, amma kafin nan kamfanin ya riga ya watse. Lalatawa ta zama aikin da ake yi a lokaci sananne, sau ɗaya a shekara, da takardar da ke nuna abin da aka lalata, da rana, da sa hannun mutum biyu. A ƙona ko a sa a injin yayyanka takarda a gaban wakilinku. Kada a ba masu shara su sayar, in ba haka ba wata rana za a naɗo wa wani ƙosai a cikin jerin albashinku. Kwafin da ke kwamfuta da imel shi ma ya tafi a ranar, in an bar shi ba a yi komai ba.

Shafin dokokin da kuka dogara da su lauya ya riƙa duba shi duk shekara ko shekara biyu. A Yunin 2025 aka sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu a Najeriya, kuma irin wannan sauyi ya fi sauƙin bi in layi ɗaya za a gyara maimakon arba'in.

Game da siton da ya riga ya cika, kada ki fara da buɗe kowane fayil, ba za ki gama ba. Fara da sababbin kwalaye: daga yau kwali ɗaya rukuni ɗaya, shekara ɗaya, a rubuta a jikinsa da babban alƙalami ta fuska biyu, misali "Kuɗi, shekarar 2024, a lalata bayan 31 Disamba 2031". Tsofaffin kuma ki bi su kwali-kwali. Wanda bauca da rasit ne zalla kuma shekararsa ta wuce bakwai, a jera shi a takardar lalatawa, akanta da lauya su duba su sa hannu. Wanda aka cakuɗa, a zaro yarjejeniyoyi, takardun kadara, fayilolin ma'aikata da duk abin da ya shafi fili, ragowar ya ɗauki shekarar takardar da ta fi sabunta a cikinsa. Kwalayen da ke ƙasa a kan siminti su za ki fara ɗagawa, kafin damina da gara su riga ki yanke musu hukunci.